Ɗan Daba Mai Lasin: Masana, Littattafan Soyayya da Jarumin da Ba Na Kirki Ba

A gidajen siliman Kano na da, irin su Marhaba da Plaza da Orion, 'yan kallo ba sa wahalar da harshensu wajen kiran jaruman Indiya da sunayensu na yanka. Nasu suke raɗa musu. Dharmendra shi ne Sarkin Ƙarfi. Sanjay Dutt kuwa, wanda ya saba fitowa a riƙaƙƙen mai laifi da mai kallo ke tausaya wa, kamar yadda ya yi a Khalnayak na 1993, sai aka sa masa Ɗan Daba Mai Lasin. Brian Larkin, wani masanin rayuwar al'umma da ya zauna a Kano yana bincike a shekarun 1990, ya ji waɗannan sunaye ya adana su a rubuce.

Sunan nan ya cancanci a tsaya a kansa. Mu da muka taso a wancan zamani mun san duniyar fim gida biyu ce: akwai akta, akwai bos. Akta ba ya mutuwa, bos kuma komai daɗewa sai ya sha ƙasa. To amma 'yan kallo sun lura da wani na uku, wanda aikinsa irin na bos ne, amma zuciyar mai kallo tana bayansa kamar shi ne akta. Da suka rasa gidan da za su sa shi, sai suka yanka masa lasin. Wannan mutum na uku ya girmi silima a ƙasar Hausa, ya ma girmi boko. Kuma idan aka bi tarihin nazarin ƙagaggun labarai da finafinanmu daga shekarun 1930 zuwa yau, za a ga masana sun fi yawan kewaye shi, ba su cika tsayawa su dube shi ido da ido ba.

A gindin murhu muka fara haɗuwa da shi. Gizo maƙaryaci ne, maci amana, ga haɗama, ga ragwanci. Yakan cuci zaki, ya cuci kura, ya cuci matarsa Ƙoƙi. Duk da haka babu yaron da ya taɓa zama a gaban kakarsa yana fatan kura ta yi nasara. Tun kafin a san wani abu wai shi tarken adabi, Bahaushe ya yarda cewa ana iya son tauraron labari ba tare da an so halinsa ba.

Da boko ya zo, Gizo bai tsaya a ƙofa ba. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara da ke Zariya ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman malamai su rubuta ƙagaggun labarai don gasa. Littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. A 1936 East ya rubuta maƙala a mujallar Africa yana bayanin yadda abin ya gudana, kuma za mu iya ɗaukarta a matsayin sharhin farko da aka yi wa ƙagaggen labarin Hausa. Babban abin da ya ce ya sha wahala a kai shi ne shawo kan malamai cewa zama a ƙaga labarin da bai faru ba aiki ne da ya dace da mai ilimi, tunda a wurinsu wannan sha'anin mata da yara ne. Wato tun ranar suna, ƙagaggen labarin Hausa ya zo da tuhuma a wuyansa, kuma dole ya riƙa kare kansa da cewa yana da amfani.

Ku duba biyar ɗin nan. Shaihu Umar ne kaɗai za a iya kira mutumin kirki tun daga farko har ƙarshe. Alhaji Imam na Ruwan Bagaja ya fita ne da kyakkyawar niyya, neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, amma a hanya damfara da ƙarya ne guzurinsa. Shi da Malam Zurƙe gari bayan gari kowa na haƙa wa ɗan'uwansa rami, kuma a nan daɗin littafin yake. A ƙarshe ya komo gida da ruwan, da dukiya, da girma, babu wanda ya tambaye shi mutanen da ya cuta. An shekara da shekaru ana karantar da littafin nan a makarantu, ana tambayar ɗalibai jigonsa, suna amsawa da jarunta da juriya.

Jiki Magayi ya fi ban mamaki. Labarin soyayya ne: Abubakar na son Zainab, attajiri Malam Shehu ya zo da dukiyarsa ya aure ta. Abubakar bai rungumi ƙaddara ba. Ya shiga duniya neman asirin da zai rama, asirin kuma ya faɗa kan ɗan da aka haifa, Kyauta, wanda ya tashi ɓarawo har abin ya kai ga jinin mahaifinsa a hannunsa. Ga auren kuɗi, ga masoyin da aka zalunta ya koma azzalumi, duk a shekarun 1930, tun kafin a fara haska fim ɗin Indiya a Kano. Mu riƙe wannan, zai yi mana amfani idan muka iso rigimar shekarun 1990.

Shi nazarin adabi na jami'a ya kafu ne sannu a hankali, a Zariya da Kano da Sakkwato. Ibrahim Yaro Yahaya ya tattara tarihin rubuce-rubuce a Hausa a Rubuce, wanda ya fito a 1988. Abdulƙadir Ɗangambo da takwarorinsa suka shimfiɗa hanyar feɗe adabi da duk wanda ya yi Hausa a sakandare ya haddace: jigo, warwarar jigo, zubi da tsari, salo, taurari. Hanya ce mai tsabta, ta kuma ba harshen kalmomin nazari nasa na kansa, abin da harsunan Afirka da dama ba su samu ba. Sai dai jigo ne ke gaba, kuma a aikace jigo yakan koma darasi. Tambayar farko ita ce me littafin ke koyarwa. Taurari suna can ƙarshen layi, a kasa su babba da ƙanana, a lissafa halayen kowa, nagari ko mugu.

Ma'aunin da ake auna su da shi ma sananne ne. A 1973 Anthony Kirk-Greene, tsohon jami'in mulkin mallaka da ya koma malamin jami'a, ya gabatar da lacca a Amurka kan abin da Bahaushe ke nufi da mutumin kirki, ya lissafa halaye goma: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Ma'auni ne mai kyau idan surukin da za a ba 'ya ake nema. Idan aka ɗora Malam Zurƙe a kai, ba abin da zai nuna sai sifili, alhali shi ne wanda mai karatu ke ɗokin ya sake ɓullowa.

To ta yaya marubuta suka riƙa shigo da irin wannan tauraro ba tare da an tsayar da su ba? Amsar tana jikin bangon littattafan. Jiki Magayi. Kitsen Rogo. Ƙarshen Alewa Ƙasa. Alhaki Kuykuyo Ne. Kowane suna karin magana ne ko rabinsa, kuma kowanne alkawari ne ga mai karatu cewa duk abin da zai gani a ciki, akwai sakayya a shafin ƙarshe. Wannan shi ne kuɗin lasin a adabin Hausa. Marubuci na iya bin mugun mutum shafi ɗari biyu, ya sa mu ji daɗin wayonsa da ƙarfin halinsa, muddin zai kashe shi ko ya talauta shi ko ya sa shi nadama kafin a rufe littafin. Mai barkwanci irin Alhaji Imam ne kawai aka yafe wa biya.

Wanda ya fi kowa cin moriyar wannan lasin shi ne Bature Gagare. Ƙarshen Alewa Ƙasa ya fito a 1982 cikin littattafan gasar da Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ya shirya, tare da Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina, mai labarin ɗan fasa-ƙwauri Alhaji Gabatari. Tauraron Gagare, Mailoma, ɗan Maguzawa ne da ya yi soja a yaƙin basasa, ya fito ya kafa ƙungiyar 'yan ta'adda. Kisa a wurinsa ba komai ba ne. Amma marubucin ya nuna mana inda aka ƙera shi: ƙauye, bariki, yaƙi, da ƙasar da ta koya wa matasa harbi sannan ta sallame su. A ganinmu, duk wanda ke son fahimtar yadda mutum ke zama ɗan bindiga a dajin Arewa a yau, zai ƙaru da littafin nan fiye da rahotanni da yawa. Graham Furniss na Jami'ar Landan ya ba shi wuri a littafinsa na 1996 kan waƙa da zube da al'adun Hausawa. Babu wanda ya nemi a ƙona shi. Ya fito ta hannun hukuma, namiji ne ya rubuta, kuma sunansa ya riga ya biya kuɗin lasin.

Rigima ta tashi ne da soyayya ta zo, kuma ta zo ta ƙofar baya. An riga an buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed a 1980 ta hannun kamfanin NNPC na Zariya, ba a yi hayaniya ba. Amma shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya samar da dubban matasa masu iya karanta boko, sannan tsuke bakin aljihun da aka shiga daga 1986 ya durƙusar da manyan kamfanonin ɗab'i. Ga masu karatu, babu littattafai. Sai matasa suka fara rubutawa, su kai wa masu injin buga katin biki da kalanda, su biya da kuɗinsu, su rarraba wa masu shaguna a kasuwar Sabon Gari da bakin Bata. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987. Ita da Ado Ahmad Gidan Dabino da Ɗan'azumi Baba Ceɗiyar 'Yan Gurasa suka jagoranci ƙungiyar Raina Kama, sunan da shi kansa martani ne ga masu kallonsu a raine. A 1991 In Da So Da Ƙauna na Gidan Dabino ya fito, da Sumayyarsa da ta gwammace faɗawa rijiya da ta auri attajirin da ba ta so, ya zama littafin da ake karɓa-karɓa a aji da ɗakunan amare. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta biyo baya da Allura Cikin Ruwa.

A wannan shekara ta 1991 ne Ibrahim Malumfashi, malami a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a lokacin, ya fara sukar waɗannan littattafai a jaridar Nasiha ta Kaduna. Daga baya ya raɗa musu sunan da ya bi su har yau, Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta su da ƙananan littattafan kasuwar Onitsha da suka yi tashe suka mutu. Ya kamata a yi masa adalci, don an sha mayar da shi dodon labarin. Ƙorafinsa ya fi karkata ga inganci: babu edita, ƙa'idar rubutu a karye, jigo ɗaya tilo, kwaikwayon finafinan Indiya, da rayuwar motoci da benaye da ba ta yi kama da ta mai karatu ba. Duk wanda ya karanta littattafan nan da yawa ya san akwai gaskiya a ciki. Marubutan suka mayar da martani da kansu a jaridar. Ibrahim Sheme, wanda ya buɗe shafukan da aka yi ta fafatawa, ya ci gaba da ba muhawarar fili da Turanci a shafin adabi na New Nigerian ta mako-mako a ƙarshen shekarun 1990.

A nan ne Abdalla Uba Adamu ya shigo. Ba daga sashen Hausa ya fito ba, farfesan koyar da kimiyya ne a Jami'ar Bayero. (Mu masu sana'ar rubuta manhaja muna da wani bashi nasa daban: yana cikin waɗanda suka fara ƙera wa kwamfuta haruffa masu lanƙwasa, ƙ da ɗ da ɓ, tun lokacin da injin bai san da zamansu ba.) Shi da Yusuf Adamu, malamin ilimin labarin ƙasa kuma marubucin Idan So Cuta Ne, suka tsaya a kan cewa abin da ke faruwa farfaɗowar adabi ce, tunda ba a taɓa samun lokacin da Hausawa, musamman mata, suka yi rubutu da karatu da yawa haka ba. Game da zargin kwaikwayo kuwa, Abdalla ya juya shi kan Abubakar Imam. Ai Magana Jari Ce cike yake da labaran da aka ɗauko daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Turai aka sa musu riga da hula, salon da ya riƙa kira Imamanci. Idan aro daga Bagadaza da Jamus gwaninta ce, me ya sa aro daga Bombay ya zama laifi? Wani abin sha'awa shi ne, Malumfashi ne da kansa ya zo ya bi diddigin tushen labaran Imam a littafinsa Adabin Abubakar Imam. A shekarar 2000 kuma ya yi wa adabin kasuwar jana'iza a rubuce, gawar ta tashi ta ci gaba da yawo fiye da shekara goma.

Masana daga waje sun kawo wasu tambayoyin. Larkin, a maƙalarsa ta 1997, ya ce abin da fim ɗin Indiya ya ba matashin Bahaushe shi ne hanyar zama ɗan zamani ba tare da ya zama Bature ba, don a can ma akwai iyaye masu zaɓa wa 'ya'ya miji, akwai kunya, akwai rikici tsakanin so da biyayya. Novian Whitsitt ya karanta Balaraba a matsayin mai kafa hujja da addini don kare ilimin 'ya mace. Wannan karatu yana da tushe, don ita kanta an cire ta daga makaranta an yi mata aure tana ƙarama, kuma Abu ta Wa Zai Auri Jahila? irin wannan hanya ta bi zuwa gidan tsoho Sarkin Noma. Furniss da Malami Buba da William Burgess kuwa suka yi aikin da ba shi da armashi amma ya fi daɗewa: suka tattara ɗaruruwan littattafan, suka fitar da kundin sunayensu na 1987 zuwa 2002.

Duk da zafin muhawarar nan, idan aka sake karanta ta yau za a ga ɓangarorin biyu a kotu ɗaya suke tsaye. Masu suka na cewa littattafan na ɓata tarbiyya ko ba su da inganci. Masu karewa na cewa a'a, suna faɗakarwa, suna yaƙi da auren dole, suna koya wa mata karatu. Kowa na auna amfani. Kaɗan ne suka tsaya suka tambayi yadda aka gina mutanen da ke ciki. Ɗauki Alhaji Abdu na Alhaki Kuykuyo Ne, wanda ya kori Rabi da 'ya'yanta tara saboda Delu. An biya lasin yadda aka saba: dukiya ta ƙone, Delu ta ci amanarsa. Amma Balaraba ba ta tsaya nan ba. Ta sa dangi suka matsa wa Rabi, wadda ta riga ta tsaya da ƙafarta, ta koma ta ɗauki nauyin mutumin da ya wulaƙanta ta. Wa aka hukunta ke nan? Wannan tambaya ta fi "mene ne jigon littafin" nauyi nesa ba kusa ba. Littafin ya samu fassarar Turanci ta Aliyu Kamal a 2012, kuma wani kamfanin ɗab'i na Indiya ne ya buga shi, abin da ya isa ya sa masu zargin kwaikwayo murmushi.

Fim ya gaji rigimar gaba ɗayanta. Daga Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a 1990 zuwa Sangaya da Wasila a ƙarshen shekarun, marubutan littattafai da yawa sun koma bayan kyamara, masu suka suka bi su. Mujallar Tauraruwa ta Sunusi Shehu ce ta ƙirƙiro sunan Kannywood, Sheme kuma ya kafa mujallar Fim a 1999. A 2003 aka yi babban taron masana kan finafinan Hausa a Kano, takardun suka fito a littafi a 2004. Amma a wannan karon akwai mai sharhi na uku, wanda alƙalaminsa ke da kurkuku a bayansa. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, bayan ƙaddamar da shari'a. A 2007 aka ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu. A shekarar ne Abubakar Rabo Abdulkarim ya karɓi ragamar hukumar tacewa, kuma a 2008 ta nemi marubuta su yi rajista, har suka ajiye alƙalumansu na ɗan lokaci don nuna ƙin yarda. A ƙarshen 2008 kotun tafi-da-gidanka ta ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama kan fim ɗinsa Tsintsiya. Rabilu Musa Ibro ma ya ɗanɗana gidan yari a shekarar. Ibro kuwa ai Gizo ne aka sa wa kyamara: matsoraci, maƙaryaci, mai cika baki, kuma babu wanda talaka ya so kamarsa har ya rasu a 2014.

Carmen McCain, wadda 'yan fim ke kira Talatu, ta yi bincikenta na digirin digirgir a tsakiyar wannan guguwa. Abin da ta lura da shi yana da muhimmanci: marubuta da 'yan fim suna kare kansu da cewa tona asirin ɓarna suke yi don a gyara, hukuma kuma tana cewa nuna ɓarnar shi ne yaɗa ta. Kowa na da'awar shi ne mai gyaran tarbiyya. A irin wannan fili, tauraro mai tabo ba shi da mai kare shi a matsayinsa na halitta ta adabi. 'Yartsana na Sheme, wanda ya fito a 2003 ya bi rayuwar karuwa daga ciki, ya nuna abin da za a iya yi idan marubuci ya ƙi tsayawa a bakin ƙofa yana nuni da yatsa. Amma hanyar da aka fi bi ita ce ta hani. A 2021, lokacin da finafinai masu dogon zango irin su A Duniya suka sa yara na kwaikwayon maganar Abale a lungu, hukumar tacewa ta haramta nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya a fim. Ba mu raina damuwar ba, duk wanda aka taɓa tare shi da wuƙa a kan waya ya san ba wasa ba ne. Sai dai hanin bai amsa tambayar da ta fi muhimmanci ba, wato me yaro ke gani a jikin Abale da ba ya gani a jikin malaminsa.

Kasuwar littattafan takarda ta mutu daga ƙarshe, amma wayar hannu ce ta kashe ta, kuma rubutun bai mutu tare da ita ba. Ya koma WhatsApp da Wattpad da Facebook, shafi-shafi kullum dare, a biya ta banki a shiga rukuni, wasu kuma a karanta su da murya a YouTube. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, ta nuna yawan matan da ke rubutu da kuma gwanintar wasunsu. A cikin wannan sabon adabi ne mutumin namu na uku ya sake ɓullowa, da sabuwar riga, kuma a tsakiyar labarin soyayya.

Duk mai karanta littattafan waya ya san shi. Miskili ne, mai izza, ɗan attajiri ko babban soja ko ɗan sarauta. Ba ya dariya, ba ya son mata, magana ma da ƙyar. An aura masa yarinya 'yar talaka ba da sonsa ba. Zai yi shafi hamsin yana wulaƙanta ta, wani lokaci da mari, wani lokaci da abin da ya fi mari muni a daren farko. Sannan a hankali a nuna mana rauninsa: uwar da ta rasu, budurwar da ta yaudare shi, kishiyar uwa da ta yi masa asiri. Sai ya kamu da so, ya yi rashin lafiya, ya durƙusa ya yi kuka, a yafe masa, a tafi Dubai.

Ku lura da abin da ya canja. A littattafan 1990 mai kuɗin da ke tilasta aure shi ne bos, Sumayya rijiya ta faɗa don ta guje masa. A littattafan waya shi ne akta. Kuma kuɗin lasin ya faɗi warwas: Mailoma da Alhaji Abdu sun biya da duk abin da suka mallaka, miskili kuwa hawaye kaɗan ne da kyautar mota. Ba muna cewa a hana rubuta shi ba, don hani bai taɓa kashe Gizo ba, kuma babu hukumar da za ta iya tace abin da ke yawo tsakanin waya da waya. Akwai kuma marubutan da ke juya wannan salo da gangan, su bar yarinyar ta tafi abinta. Abin da ake buƙata shi ne mai karatu na ƙwarai ya zauna ya bi miskilin nan, ya gano daga ina ya zo, nawa ne nasa na finafinan Indiya da Turkiyya da Koriya masu dogon zango, nawa ne na gidajenmu, kuma me ya sa mata ne suka fi rubuta shi, mata ne suka fi karanta shi. Yarinya 'yar shekara goma sha biyar da ke karatu a ƙarƙashin bargo tana koyon wani abu game da abin da ya halatta namiji ya yi mata kafin ya so ta. Tambayar jigo ba za ta kamo wannan ba, don marubuciyar za ta ce jigonta haƙuri ne, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Ana rubuta kundaye a sassan Hausa na jami'o'inmu kan adabin intanet, amma yawancinsu suna kan kanta a ɗakin karatu, masu rubutun da masu karatun ba su taɓa ganinsu ba. Muhawarar 1990 da duk gazawarta a jarida aka yi ta, inda marubuci zai karanta sukar da aka yi masa ranar Juma'a ya mayar da amsa mako mai zuwa. Akwai kuma matsalar da mu masu aikin kwamfuta muka fi kowa gani. Littafin Raina Kama, komai munin bugunsa, yana nan a kwali a Kano ko a Landan, ana iya ɗaukowa a duba shekarar da shafin. Zauren tattaunawa kan finafinan Hausa da Abdalla ya buɗe a Yahoo a 2001 ya tara muhawarar shekaru, kamfanin ya rufe zaurukansa gaba ɗaya a 2020, abin da wani bai kwafe ya adana ba ya tafi. Manhajar OkadaBooks, inda marubutan Hausa da dama suka zuba littattafansu, ta rufe a ƙarshen 2023. Na WhatsApp kuwa ba su da shekarar bugu, sau da yawa ba su da sunan gaskiya, kuma kowane mai turawa na iya yanke wani wuri ko ya goge sunan marubuciyar ya sa nasa. Ɗalibin da zai rubuta tarihin miskili nan da shekara ashirin, sai ya fara da neman wadda tsohuwar wayarta ba ta lalace ba.